Yadda zaka gane wane gwaji ne ke nuna tabon da hayaƙin taba ya bari a jikinka

Jama'a, abin da yasa na zauna rubuta wannan shine wani abokina direban keke a Farin Gada cikin Jos, wanda yace ya daina shan sigari wata guda kenan amma matarsa ta ƙi yarda, shi kuma ya kafe sai an masa "gwajin DNA" ya kai mata takarda. Na ce malam ba haka abin yake ba, zauna in maka bayani, don kuɗinka zai tafi a banza in baka san me kake nema ba.

Fara da sanin me ake nema. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa. Wasunsu kamar benzopayirin, jiki da kansa yake sarrafa su don ya fitar, sai a hanya su rikiɗe su zama wani abu mai danƙo da ke maƙalewa jikin DNA, yawanci a kan guwanin, wato G, ɗaya daga cikin haruffa huɗu da ke rubuta saƙon gado a DNA. Wannan maƙalewar ita masana ke kira adakt, ni dai tabon DNA nake ce mata. Jiki nada ma'aikatan gyara da ke kankare tabon, amma in ƙwayar ta rabu biyu kafin a kankare, sai a kwafi kuskure, G ta koma T, kuma kuskuren ya zauna kenan. A 1996 wani bincike da aka buga a mujallar Science ya nuna tabon benzopayirin yafi maƙalewa daidai wuraren da ake samun lalacewa a wani sashe na DNA mai suna p53 cikin kansar huhu, ita p53 kuwa kamar birki ce ga ƙwayoyin jiki, in birki ya tsinke kasan sauran.

To sai ka tambayi kanka, tsawon wane lokaci kake so a duba baya? Nan ne duk wayon yake. In kwana biyu zuwa huɗu ne, kotinin zaka nema, shine abin da nikotin ke komawa a jiki, ana gani a fitsari ko yawu ko jini, kuma rabinsa na ɓacewa cikin awa 16 haka. Akwai shi a ɗan tsinken gwaji irin na juna biyu, amma a kula sosai, karatunsa a juye yake, layi biyu na nufin babu, layi ɗaya na nufin akwai. Abokin nan nawa da yaga layi biyu sai gumi duk da sanyin Jos, sai da na buɗe masa takardar cikin kwalin muka karanta tare sannan ya sauke numfashi. Sai dai shima wannan bai wanke shi na wata guda ba, kwanaki kaɗan kawai ya wanke.

In makonni kake so, akwai wani sinadari mai suna NNAL a fitsari, wanda ke fitowa daga wata gubar taba mai jawo kansa da ake kira NNK, ita kuma NNK a taba kaɗai ake samunta, ba a itacen girki ba. Yana daɗewa makonni bayan mutum ya daina, kuma baya rikicewa da cingam ɗin nikotin ko faci na liƙawa a hannu, su waɗannan kotinin zasu ɗaga. Masu garin taba na shaƙa ko na sawa a baki kar kuce ba ruwanku tunda ba hayaƙi, NNK na nan a ciki.

Sai tabon da ke maƙalewa a hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wannan yana bada labarin wata uku zuwa huɗu tunda jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi.

Shi tabon DNA ɗin kansa fa? Gaskiya aikin bincike ne, ba gwajin da zaka shiga lab a Terminus ka biya ka karɓa da yamma ba. Ana ciro DNA daga fararen ƙwayoyin jini ko cikin kumatu ko naman huhu da aka yanko wajen tiyata, a narkar da shi a auna da manyan na'urori masu tsada, domin tabon ƙalilan ne ƙwarai, ɗaya cikin miliyoyin haruffa ake ƙirga shi. In an gayyace ka cikin irin wannan bincike a jami'a ko asibitin koyarwa, karanta takardar amincewa kafin ka sa hannu, ka tambaya me zasu yi da ragowar jininka.

Kafin a ɗibi komai, ka faɗa musu gaskiyar rayuwarka gaba ɗaya, wannan ne mutane suke wasa da shi. Benzopayirin ba na sigari kaɗai bane, yana cikin hayaƙin itace da gawayi da salansar mota da naman da ya ƙone a kan wuta. Mai suya da ke tsaye kan tukuba tun la'asar, ko mama mai tuyar ƙosai da masa, ko wanda ke kwana da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu, duk za'a iya ganin tabon a jikinsu ko basu taɓa kunna kara ɗaya ba. Haka wanda ke zama teburin mai shayi kusa da masu busawa, ko ɗakin shisha.

In sakamako ya fito kar ka karanta shi kamar hukunci. Tabo da yawa na nufin guba ta shiga har ta taɓa DNA, baya nufin kana da kansa, tabo kaɗan kuma baya nufin ka tsira, mutum biyu na iya shan kwali ɗaya a rana sakamakonsu ya bambanta saboda jikin wani yafi saurin gyara. In kana tari ya wuce sati biyu uku, ko jini a majina, ko kana ramewa, bar maganar tabo kaje a duba ƙirjinka, har da gwajin tarin fuka.

Shi dai abokina tsinke uku muka ƙara saya, matar tace ita zata zaɓi ranar da zai yi, ba tare da ta faɗa masa ba.