Yadda ake zana ƙaƙƙarfan namiji da fensir

Touko Laaksonen, ɗan ƙasar Finland da ya rasu a 1991, ya shahara da zanen batsa na 'yan luwaɗi, kuma akasarin aikinsa da fensir ya yi shi. Ga yadda za ka zana ƙaƙƙarfan namiji irin waɗanda yake zanawa.

Fara shata jikin da fensir mai tauri, lamba 2H, kada ka danna. Tsayin jikin ya zama tsayin kansa sau 8. Na mutum yakan tsaya a 7 da rabi, ƙarin ne ke kawo kwarjini. Faɗaɗa kafaɗu, tsuke ƙugu.

Inuwa ce aikin. Haske ya fito daga gefe ɗaya, ka jera fensir mai laushi, lamba 4B, hawa-hawa, ka murje da naɗaɗɗiyar takarda. Yatsa yana barin maiƙo, wurin ya yi tabo. Kada ka kewaye kowace tsoka da layi, jikin zai sandare kamar gunki. Don ƙyallin takalmin fata, bar farin takarda dab da baƙi mai duhu.