Yadda ake riƙe cibiyar ƙere-ƙere bayan kuɗin tallafi ya ƙare

Buɗe cibiyar ƙere-ƙere, wato wurin da mambobi ke zuwa su yi aiki da injuna na haɗin gwiwa, ba shi ne wahala ba, in tallafi ya shigo wata uku ma ya isa. Shekara ta biyu ce ke kashe yawanci, na gani ba sau ɗaya ba.

Na farko, kafin ku sayi ko sukudireba ku zauna ku rubuta abin da wurin zai ci duk wata: haya, wuta, intanet, da ɗan abin da za a ba mai kula da wuri. Masu tallafi sun fi son sayen inji don ana ɗaukar shi hoto, haya kuwa kowa gudunta yake. TechShop, wata irin wannan cibiya a Amurka, rassa 10 gare ta, injuna na gani na faɗa, amma a Nuwamba 2017 ta rufe su duka saboda abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba. To balle ku.

Na biyu, kuɗin mamba tun ranar farko, ko kaɗan ne. Wanda ya saba da kyauta, ranar da kuka ce ya biya gaba zai yi da ku. Mara hali ya biya da aiki, shara ko tsaron ƙofa.

Na uku, gyara, nan ne mu muka sha kashi. Injin lezarmu, mai yanka abu da haske, mutum ɗaya ne kaɗai ya iya saita madubansa, ya samu aiki ya tafi, sai wani sabon mamba ya zo ya yanka ledar PVC a ciki, ita kuwa hayaƙinta sinadarin kulorin ne, yana cin ƙarfe yana cutar da huhu, kafin mu farga tsatsa ta kama ko'ina, ga bututun lezar shi ma ya fara rauni kuma asusu ba ko sisi. Haka injin ya zauna a lulluɓe da zani, mambobi suna zamewa ɗaya bayan ɗaya don dama shi ya kawo su. Saboda haka duk awa ɗaya a kan inji a biya ta daban, kuɗin ya tafi asusun gyara, kar a taɓa shi ko haya ta matse. Kowane inji mutum biyu aƙalla su iya kwance shi su ɗaura. A rataye littafi a jikinsa, wanda ya yi aiki ya rubuta suna da abin da ya yanka. Ba bita, ba taɓawa, ko ɗan shugaba ne.

Ni a wurina ƙananan firinta 3D (injin da ke ƙera abu daga zanen kwamfuta) guda biyu sun fi babba ɗaya, kuma kar ku sayi injin da sai an yi wata biyu ana jiran kayan gyaransa, komai arharsa.

Sauran kun sani. Ku yi rajista, cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ku riƙa yin ajin koyarwa na kuɗi da karɓar ƙananan ayyuka daga waje, makulli kuma kar ya zama a aljihun mutum ɗaya.