Kafin ka ce yaran Yamai ba su da himma

Ɗan'uwa, ka iso Yamai daga Kano ko Sakkwato, ka kama shagon walda ko na ɗinki, ka ɗauki yara. Kafin wata biyu za ka fara kukan aiki ba ya tafiya. Na sha jin wannan kuka a kasuwar Katako, kuma in aka bi diddigi, yawanci matsalar tana wajen maigida.

Fara da bakin kuɗi. A nan da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa 5. In yaro ya ce ɗari, 500 yake nufi, jaka kuwa 1,000. Ku rubuta abin da kuka shirya a takarda. Mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 42,000 tun Janairun 2024, dokar ƙwadago ta 2012 ta sa awa 40 a mako, kuma ma'aikacin dindindin sai ka yi masa rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata. Ranar biya kuwa kada ta motsa. Wanda mai gidan haya ke jira a ƙofa, hankalinsa ba ya kan ƙarfen da yake yanka.

Abin da ya fi damuna shi ne littafi. Mutanenmu sun yarda da ƙwaƙwalwarsu fiye da kima. Sayi littafi guda, kullum da yamma a rubuta kayan da suka shigo, aikin da aka gama, wanda ya lalace da dalilin lalacewarsa. An gwada irin wannan a masaƙun Indiya kusa da Mumbai: rubuta aibin yadi, tsara rumbun zare, duba injuna a kan kari. A shekarar farko aikinsu ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Kai ma bayan mako uku za ka gane cewa rabin ranakun da ka zarga wa yara, jiran kaya suke yi, domin kai ne ba ka sayo da wuri ba.

Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, wutar kamfanin lantarki na NIGELEC tana ɗaukewa. Aikin inji a yi shi da sassafe, awo da yanka da hannu a ajiye wa lokacin da ba wuta.

Cikin yaranka za a samu Zabarmawa. Koyi gaisuwarsu, ko "fofo" ce kawai, kuma in za ka yi wa babban yaronka gyara, ja shi gefe, kada ƙananan su ji.