Kada a ɗumama maka injin kafin ka iso

Ɗan uwa, in za ka sayi motar hannu da ta sha tafiya, ka ce wa mai ita kada ya tada ta sai ka zo.

Da isarka, taɓa bonet. In da ɗumi, wataƙila an riga ka.

Injin da ya kwana ba ya ɓoye ciwonsa. Baƙin mai ya gangara ƙasa, duk ƙarfen da ya cinye zai yi ƙara ana tadawa.

Tsaya ta baya, mai motar ya murza makulli. Shuɗin hayaƙi? Injin na shan baƙin mai. Zabge kuɗin gyara daga farashi, ko ka haƙura. Farin tururin da ke ɗaukewa kuwa ba komai.

Amma dabarar ba ta kama matsalar giya. Wannan sai kun hau titi, motar ta ɗau zafi sosai.