Yadda ake samar da wuta daga itace a daji idan babu ashana

Kafin ashana ta cika kasuwanninmu, ƙyastu da ƙanƙara ne maharbi da fatake suke ƙullewa a jaka, amma akwai hanyar da ta girmi ƙyastu, wadda ba ta neman ƙarfe ko kaɗan, wato a murza busasshen itace a kan ɗan'uwansa har wuta ta fito. Ita ashanar sai a shekarar 1826 wani mai haɗa magunguna, John Walker, ya ƙirƙiro ta a Ingila, alhali mutanen Hadza na Tanzaniya har gobe suna murzo wuta da tafin hannu. Malaman tafsiri ma, idan suka zo aya ta 80 a Suratu Yasin, sukan ambaci itatuwa biyu da Larabawa suke gogawa don samun wuta.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa shi ne, ba sandar ce take kamawa ba, ba kuma allon da ake murza ta a kai ba. Gogayyar tana niƙe itacen ne ya koma gari, zafinta yana babbake garin, idan kuwa garin ya taru wuri guda har zafinsa ya kai wajen digiri 400 a ma'aunin Salshiyas, sai ya kama da kansa ya zama ɗan garwashi da bai wuce ƙwayar wake ba. Duk sauran aikin hidimar wannan gari ce.

Saboda haka zaɓen itace ya fi ƙarfin damtse muhimmanci. Itatuwan da muke yabo a murhu, irin su ƙirya da marke da kanya, su ne mafi muni a wannan aiki, domin taurinsu yana sa wurin gogayyar ya yi santsi yana sheƙi ba tare da ya ba da gari ba. Itace mai laushi mara nauyi ake nema, kuma a dazuzzukanmu ban ga kamar tumfafiya ba, sai busasshen reshen dashi ko na rimi. Ka nemi wanda ya mutu ya bushe a tsaye, ka bar wanda ya daɗe kwance a ƙasa, don ko dai ya sha laima ko gara ta cinye cikinsa. Ka danna shi da farce: idan farcen ya bar ɗan gurbi, ya yi daidai, idan bai bar komai ba, ya yi tauri, idan ya nutse itacen ya marmashe, ya riga ya ruɓe. Ka kuma ɗora shi a leɓenka, idan ka ji sanyi, da sauran ruwa a cikinsa. Karon farko da na gwada, reshen tumfafiya na ɗauka wanda bayansa ya bushe amma cikinsa bai gama ba, na yi ta ja har tafina ya yi kanta, hayaƙi yana tashi, garin kuwa yana dunƙulewa bai taɓa kamawa ba. Sannan ka kiyayi ɗanyar tumfafiya, domin farin ruwanta yana yi wa ido mummunar illa.

Abubuwa huɗu za ka sassaƙa: allo, sandar murzawa, madanni, da baka mai tsirkiya wanda za ka riƙa ja yana juya sandar. Allon ya kasance mai kaurin yatsa da faɗin yatsu uku, ƙasansa a shafe don kada ya yi rawa. Sandar murzawa, wadda zan kira mazari saboda tana juyi kamar na masu kaɗi, ta kasance miƙaƙƙiya sarai, mai kaurin babban yatsa, tsawonta santimita 20 zuwa 25. A fiƙe samanta ya yi tsini, a bar ƙasanta da dakushi, domin a ƙasa ake son gogayya, a sama ba a so. Madanni shi ne abin da za ka danne kan mazarin da shi, kuma a nan ne ƙirya ko aduwa take da rana, ko dutse mai ɗan gurbi. Ka shafa wa gurbin man kaɗe ko ka cusa masa ɗanyen ganye, amma kada maiƙo ya kuskura ya taɓa ƙasan mazarin. Baka kuwa reshe ne mai ɗan lanƙwasa da tsawon hannunka. Tsirkiyar fata ta fi ƙarko, in babu sai a tufka igiya da zaren rama ko na ɓawon kuka, a yi ta da kauri, a kuma tanadi ta biyu domin irin wannan igiya tana saurin cinyewa.

Kafin ka ja baka ko sau ɗaya, ka gama shirya abin da zai karɓi wutar. Ka murje busasshiyar ciyawa a tafinka har ta yi laushi, ka naɗa ta kamar sheƙar tsuntsu, ka sa zaren ɓawo da 'yar audugar rimi a tsakiya. Audugar tana kamawa nan take amma tana mutuwa nan take, shi ya sa nake marmasa busasshen kashin jaki a kanta, don yana riƙe garwashi ya daɗe. Ƙirare su ma su kasance a jere kusa da kai.

Yanzu ka huda ɗan gurbi a allon, nesa da gefensa da faɗin yatsa. Ka take allon da ƙafar hagu dab da gurbin, ka durƙusa da gwiwar dama a baya, ka naɗa tsirkiya sau ɗaya a jikin mazari, ka jingine wuyan hannunka na hagu da ƙwaurinka don kada madannin ya yi lilo. Ka ja a hankali har gurbin ya ƙone ya ɗauki siffar ƙasan mazarin, sannan ka tsaya ka yanka tsaga daga gefen allon zuwa kusa da tsakiyar gurbin, mai faɗi a waje da tsini a ciki, kimanin kashi ɗaya cikin takwas na da'irar. Wannan tsaga ita ce rumbun garin, kuma yawancin waɗanda suka kasa a nan suka kasa: in ta yi ƙunci garin ba ya samun iska, in ta yi faɗi mazarin ya riƙa zamewa. Ka shimfiɗa busasshen ganye a ƙarƙashinta.

Ka koma ja, kana cin tsawon bakan gaba ɗaya kamar mai goge, ba da gaggawa ba, har tsagar ta cika. Idonka ya kasance a kan garin, domin shi zai gaya maka halin da kake ciki. Idan ya fito da haske kamar dussa, danniya ko sauri ya yi kaɗan; idan ya fito baƙi mai tsawo-tsawo kamar ɓarzajjen gawayi, ka danne da yawa; wanda ake so shi ne mai duhu da laushi kamar kwalli. Idan ka ji ƙara tana tashi, wurin ya yi santsi, sai ka kankare shi ko ka zuba ɗan rairayi. Da tsagar ta cika kuma hayaƙi ya yi kauri, a nan ne za ka saki ƙarfin da ka adana, ka ƙara sauri na kamar ja ashirin, sannan ka ɗaga mazarin a hankali, kana kawar da fuska don kada gumi ya ɗiga a kai.

Idan tarin garin ya ci gaba da hayaƙi shi kaɗai, wuta ta samu ko da ba ka ga ja ba. Kada ka yi hanzari, garwashin zai jira ka huta. Ka ɗan fifita shi da hannu har ya yi ja, ka ɗage allon, ka juye shi cikin sheƙar, ka rufe ta a kansa ba tare da matsewa ba, ka ba iska baya, ka ɗaga ta sama da fuskarka kana hurawa da dogon numfashi mai taushi, kana ƙarawa yayin da hayaƙin yake ƙaruwa, har harshen wuta ya tashi ka ajiye ta ƙarƙashin ƙirare.

Ana iya yi ba baka, da doguwar sanda siririya a tsakanin tafuka, amma wannan sai hannu ya saba. Da hunturu aikin ya fi sauƙi. Da damina sai ka tsaga itace ka ɗauki cikinsa, ka kuma jira rana ta ɗaga raɓa ta kau. Sai dai hunturun da yake sauƙaƙa aikin shi ne lokacin gobarar daji, don haka ka share ciyawa taku biyu ta kowane gefe kafin ka fara, in ka gama kuma ka binne wutar da ƙasa, ka kanga bayan hannunka a kai har ka tabbatar babu sauran zafi. Allon da mazarin kuwa ka naɗe su a ƙyalle ka sa a jaka inda laima ba za ta same su ba, domin gurbin da ya taɓa ƙonewa ya fi sabo saurin ba da wuta.