Yadda na gyara ƙullun waina da ya ƙi tashi a sanyin hunturu

Alhamdu lillahi, wainata ta dawo hayyacinta, godiya ga 'yar ɗakinmu da ta ara mini kularta.

Tun da hunturu ya shigo Zariya nake kwaɓa ƙullu da dare, in wayi gari yana nan daƙam ba ko kumfa, wainar ta fito da tauri. Ga shi ina son in fara sayarwa a hostel, in tara jarin buɗe ɗan wurin abinci bayan bautar ƙasa.

Na ƙara yis, sai ɗanɗano ya ɓaci. Na canja shinkafa, duk ɗaya.

Ashe sanyi ne kawai. Shinkafar tuwo gwangwani 4 na jiƙa ta kwana, na zuba dafaffiya rabin gwangwani, aka markaɗo da albasa. Yis ƙaramin cokali 2 na kaɗa a ruwa mai ɗumi, wanda yatsa zai iya jurewa, da sukari cokali 1, na bar shi minti 10 har ya yi kumfa, sannan na juye. Na rufe robar, na sa ta cikin kula tare da gorar ruwan zafi, na lulluɓe da bargo. Cikin awa 3 ƙullu ya kusa ture murfi.

Gishiri da bakin hoda sai da na ɗora tanda na zuba.