Babi na Bakwai: Zaɓen Kayan Sauti ga Makaɗin da ke Yawon Wasa

Tsakanin bakin mawaƙi da kunnen mutumin da ke zaune a layin ƙarshe na taro akwai abubuwa huɗu da sauti ke ratsawa. Makirufo ne ke ɗaukar murya, mikisa ta haɗa ta da ƙarar kalangu da fiyano da muryoyin 'yan amshi ta daidaita su, amfilifaya ta ƙara musu ƙarfi, sannan sifika ta fitar da su ga jama'a. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan bai dace da 'yan uwansa ba, to, komai tsadar sauran ba za a ji daɗin wasan ba. Abin da wannan darasi ke son ku riƙe shi ne a zaɓi kayan da suka dace da juna, suka kuma dace da filin da za a yi wasa, a daina bin manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali.

Kafin ku nufi shagunan da ke Titin Ahmadu Bello ko kewayen Taminus a nan garin Jos, ku zauna ku amsa wa kanku tambayoyi uku: mutum nawa kuke yi wa wasa yawanci, a cikin zaure ne ko a fili, kuma da me za ku ɗauki kayan. Wanda sana'arsa ita ce wasan suna da kamu a tsakar gida a Anguwan Rogo ko Gangare, kuma a keke yake loda kayansa, ba shi da buƙatar abin da ake kafawa a filin wasa na Rwang Pam. Sifika biyu masu faɗin inci 12 sun wadatar da shi, kuma irin masu jikin roba nauyin kowace bai cika wuce kilo 20 ba, mutum ɗaya zai iya ɗora ta a kan sandarta. Mai inci 15 ta fi fitar da amon ganga mai kauri, amma ta fi nauyi da cin wuri. Ita kuwa babbar mai inci 18, wadda aikinta ƙugi kawai, a jinkirta sayenta har sai wasa ya fara kai ku manyan filaye.

Batun wat

A nan ne aka fi cutar masu saye, saboda haka za mu ɗan daɗe a kai. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki, amma ana rubuta shi iri biyu ko uku. Wanda aka rubuta RMS a gefensa shi ne ƙarfin da na'ura za ta iya ɗauka tana aiki ba tsayawa, kuma shi ne abin dogaro. Wanda aka rubuta PMPO a gefensa lambar talla ce kawai, babu ƙa'idar da ta ɗaure masu rubuta ta, shi ya sa za ku ga ƙaramin akwati da yaro zai rungume an rubuta masa wat 5,000. Idan mai shago ya nuna muku lamba, ku ce masa: "Maigida, a taimaka a nuna mini inda aka rubuta RMS." Yawanci tana kan ƙaramar takardar da ke manne a bayan na'urar.

Ku kuma sani cewa ninka wat ba ya ninka ƙarar da kunne ke ji. Ana auna ƙara da desibel, kuma idan aka tashi daga wat 300 zuwa 600, desibel 3 kawai aka ƙara, wanda ɗan bambanci ne. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato an ninka wat sau goma. A fili kuwa, inda babu bangon da zai dawo da sauti, duk lokacin da nisa ya ninka ana rasa desibel 6. Wannan ne dalilin da ya sa ɗaga sifika a kan sanda, ta wuce kawunan mutane, ya fi ƙara wat amfani, domin jikin mutanen da ke gaba yana shanye sautin da aka ajiye a ƙasa.

Sifika iri biyu ce. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa wuta kai tsaye, akwai kuma wadda sai an haɗa ta da amfilifaya ta daban. A ganina, sabon shiga ya fara da irin ta farko, domin kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya daidaita ƙarfin amfilifayar da na sifikar, ya raba shi da lissafi. Illarta ita ce kowace tana buƙatar wayar wuta, kuma idan amfilifayar ciki ta lalace, sifikar gaba ɗaya za ta kwana wajen mai gyara.

Wanda ya zaɓi iri na biyu dole ya san om, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa lantarki. Yawancin sifiku om 8 ne. Idan aka jona biyu masu om 8 a baki ɗaya na amfilifaya, ɗaya ta ɗauko daga bayan ɗaya, sun koma om 4. Idan huɗu ne, sun koma om 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure om 2, za su yi zafi su ɗauke ko su ƙone. Game da ƙarfi, shawarar da masu wannan aiki suka saba bayarwa ita ce amfilifaya ta ɗara sifika da rabi ko ta ninka ta: sifika mai wat 300 RMS a om 8 tana son amfilifaya mai ba da wat 450 zuwa 600 a kowane baki, a om 8 ɗin.

Mutane da yawa suna zaton ƙaramar amfilifaya ta fi aminci, alhali ita ma tana ƙona sifika. Na ga haka da idona a wani wasan biki da aka yi a harabar wata makaranta. Jama'a sun cika, na baya suna ta ɗaga hannu ba sa ji, yaron da ke kan na'ura ya murɗa komai zuwa ƙarshe. Jar fitilar amfilifaya, wadda ya kamata ta riƙa ƙiftawa jefi-jefi, ta tsaya cak a kunne, muryar mawaƙin ta fara tsagewa kamar ana yaga atamfa. Ba a yi rabin awa ba sai ga ƙauri kamar na ƙonanniyar roba, sautin ya dishe ya koma kamar daga cikin tulu yake fitowa. Ƙaramar sifikar sama, mai fitar da siririn sauti, ita ce ta ƙone. Amfilifayar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta gurɓataccen sauti take turawa, kuma shi ne ke dafa siririyar wayar da ke naɗe a ciki. Duk lokacin da kuka ga jar fitila ta zauna, ku rage.

Mikisa da makirufo

Zaɓen mikisa lissafi ne mai sauƙi. Ku ƙirga duk abin da za a jona: mawaƙi ɗaya, 'yan amshi uku, kalangu biyu, fiyano, ku ƙara baki biyu ko uku na ko-ta-kwana. Ku lura cewa mikisar da aka ce mai layi 12 ce ba lalle ba ne ta ɗauki makirufo 12, saboda haka ku ƙirga ramukan XLR, masu ƙafa uku, da yatsanku. Ku tabbata tana da mafitar da za a jona sifikar da ke fuskantar mawaƙi, domin wanda ba ya jin muryarsa ihu zai yi ta yi har maƙogwaronsa ya dishe. Kamfanoni irin su Yamaha da Soundcraft da Behringer da Mackie duk suna yin ƙanana masu kyau. Makirufon Shure SM58, wanda aka fara sayarwa tun 1966, ya shahara da jure faɗuwa, kuma shaharar tasa ta sa jabunsa ya yawaita, don haka arahar da ta wuce ƙima abar tuhuma ce. Kukan nan mai tsinin da ke huda kunne yana tasowa ne idan makirufo ya fuskanci sifika, maganinsa kuwa sifiku su kasance a gaba, mawaƙa a bayansu.

Wuta

Lantarkin Nijeriya bolt 230 ne a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda yake hawa da sauka, shi ya sa kuɗin sitabilaiza ya kamata ya shiga cikin kasafi tun farko. Kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka kan zo da bolt 120, sai a duba bayansu kafin a soka. Wajen janareta, ku tara adadin wutar da kowace na'ura ke ci, ku nemi wanda ya ninka jimlar. Mu a Jos muna da ƙarin dalili: garin yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iska ba ta da kauri kamar ta Legas, kuma injin fetur yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa ko fiye a irin wannan tsayi. Kada ku yarda a jona firiza a janaretan da ke ɗauke da kayan sauti. Wajen kunnawa, mikisa ce farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa kuma amfilifaya ce farko. Da damina, wadda a nan kan zo da iska har da ƙanƙara, kada tamfol ya bar cikin kayanku.

Ranar saye ku tafi da makirufonku da waƙar da kunnenku ya saba da ita. Ku sa a kunna kayan na tsawon minti goma sha biyar aƙalla, ku yi magana a ciki, ku ja da baya zuwa bakin titi ku saurara, ku taɓa bayan amfilifaya ku ji zafinta, ku murɗa kowane maɓalli na mikisa ko yana ƙaraurau. Ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.

Aikin gida

Wani makaɗi yana da sifiku huɗu, kowace mai wat 250 RMS da om 8, da amfilifaya mai baki biyu wadda aka rubuta a bayanta cewa ba ta sauka ƙasa da om 4. Ku rubuta sifika nawa zai jona a kowane baki, da om ɗin da za su ba shi. Sannan ku ƙirga mawaƙa da kayan kiɗan ƙungiyarku, ko na wata da kuka sani, ku zo aji da adadin ramukan mikisar da za ta ishe su.